Dutsen Niƙa daga Jabal Moya

Ƙasarmu ba ta da dutse. Daga bakin kogi har inda ido ya ƙare laka ce baƙa, wadda take tsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa ciki, da damina kuma ta kama takalmi ta ƙi saki. Yaro a ƙauyenmu in zai jefi tsuntsu, hoge yake nema. Shi ya sa duk dutsen da aka gani a gidan mutum, ɗauko shi aka yi daga wani wuri, kuma akwai tsohon da ya san labarin zuwansa.

Namu yana kwance a ƙofar makewayi. A kansa muke tsayawa mu wanke ƙafa tun muna yara, kuma ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba, sai daminar da aka rufe mu.

Yaƙin bai zo mana rana ɗaya ba. Da aka fara faɗan Hartum, cikin azumi, ina Madani ina karatu. A waya muka gan shi, hayaƙi a kan gine-ginen da muka sani a hoto, muka ce abin kwana biyu ne. Madani ta cika da masu gudun hijira, ajujuwanmu suka koma ɗakunan kwana. Da sanyi ya shigo, faɗa ya iso Madani kanta. Muka yi kwanaki muna jin sa a ƙetaren kogi, ran nan da hantsi aka ce ya haye gada. Na fito da jaka ɗaya, rabinta littattafai, na bi ayarin mutane zuwa kudu, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan lori, har na iso gida, ƙauyenmu da ke bakin kogi kudu da Sinnar.

Yayata ta iso bayana da watanni. Tana aure a wani ƙauyen manoma kusa da Hasahisa. Mijinta ya tsaya da mahaifiyarsa wadda ba ta iya tafiya, ita kuma ta goyo 'yarta ta biyo gefen magudanan ruwa, tana kwana inda dare ya same ta. A hanyar nan nononta ya ƙafe. Yarinyar tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ta fara tafiya, irin tafiyar nan ta hannuwa a sama kamar mai neman a ɗauke ta. Ta saba da gidan da wuri. Kaji take bi, in sun tsaya ita ma ta tsaya.

Da ruwan farko ya sauka, labari ya zo cewa ana faɗa a Jabal Moya, tsaunin da ke yamma da Sinnar. Kakata, mahaifiyar Baba, tana zaune a kan angarib ɗinta, gadon igiya da ba ta rabuwa da shi, ta ce:

"Mi suke nema ga wanga tsauni? Ba kowa can sai birai da masu sassaƙar dutse."

Baba ya ce, "Hanya suke nema, Inna. Wanda ya riƙe tsaunin ya riƙe hanyar yamma."

Aka riƙe tsaunin. Kwanaki kaɗan bayan haka Sinja ta faɗi, hanyar kudu ta rufe. Arewa dama a rufe take tun sanyi. Gabas kogi ne ya cika ya tumbatsa, bayansa kuma laka da wasu masu bindigar. Muka zama kamar ruwan da ya rage a kwano, ko'ina aka karkata shi bango ne.

Sukari ya fara ƙarewa, sai mai, sai sabulu. Wuta ta ɗauke ba ta dawo ba. Mai injin niƙa, da muke kira tahuna, ya ci gaba da aiki da ɗan man da ya ɓoye har ya ƙare, ya sa kwaɗo a ƙofa ya koma gona. Daga wajen Sinnar muna jin dana, manyan harsasan da ake harbowa daga nesa, suna sauka kamar ana rufe ƙofar ƙarfe a wani gida mai nisa.

Muna da hatsi. Baba ya binne dawar bara a rami ƙarƙashin rumfa, ta ishe mu har kaka in an yi tattali. Gari ne ba mu da shi. Safe da yamma balila muke ci, dawa a dafe da ruwa har ta fashe. Babba zai tauna ya haɗiye ya gode wa Allah. Kaka, da haƙoranta biyu, tsotsa take yi ta tura da ruwa. Yarinyar kuwa, duk yadda Yaya ta murje mata da cokali, yadda ta shiga haka take fita. Gudawa ta kama ta. Mako guda ta daina bin kaji. Mako na biyu ta daina tsayawa. Sai ta zauna a cinyar uwarta tana kallon mutane da idanun da suka yi wa fuskarta yawa, ba ta kuka ma sosai.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta gudo ƙauyenmu ta duba ta, ta ja fatar cikinta ta saki, ta ce magani babu, amma a ba ta abu mai laushi, koko tatacce wanda ya ɗan yi tsami, kaɗan-kaɗan, duk yini.

Za a ce ina turmi. Babban turminmu ya tsage tun ina firamare, Inna, mahaifiyata, ta cika shi da ƙasa ta shuka na'ana'a a ciki, don wa zai yi daka ga tahuna a bakin hanya? Biyu ne suka rage masu lafiya a unguwar, ana layi a kansu tun asuba, in naka ya zo ana tsaye a kanka, ka samu ka farfasa tsaba ka tashi. Yaya ta je sau biyu. Da taɓarya ta sauka yarinyar ta ƙanƙame ta tana makyarkyata, don ta san irin wannan ƙarar tun daga hanya. Abin da aka samo kuma tsaki ne, in an tace ruwa-ruwa ne kawai.

Da hantsi ne Kaka ta ce, "Ku ɗaga wancan dutse na bakin makewayi."

Inna ta dube ta. "Wanda ake wanke ƙafa a kai?"

"Ƙafa bayansa ta taka, ba cikinsa ba. A kife yake. Ku juya shi."

Ni da Baba muka tone gefensa muka juya shi. Kyankyasai suka watse. A ƙarƙashi akwai kwarmi mai tsawo, mai lanƙwasa kamar tafin hannun da aka buɗe don karɓar abu. Kaka ta ce kakanmu ne ya ɗauko shi a kan jaki daga Jabal Moya shekarar da aka kawo ta gidan, kwana biyu yana tafe a ƙasa jakin na ɗauke da dutse. Ta yi niƙa a kansa har ta haifi 'ya'yanta duka, sannan tahuna ta zo. Ɗan dutsen, wanda ake murzawa da shi, muka same shi a ƙarƙashin randa yana tokare ta. Inna ta wanke su da toka da ruwan zafi har sau bakwai, tana yi tana tsaki.

Na durƙusa na zuba dawar da aka jiƙa, na murza. Ƙwayoyin suka zame suka gudu gefe. Na sake, suka sake gudu. Kaka ta sa aka kawo ta kusa, ta shafa cikin dutsen da tafinta, don idanunta sun yi hazo, hannu ne yake mata gani.

"Ya yi santsi," ta ce. "Haƙoransa sun zube, awa nawa haƙoran. Sai an ƙoda shi."

Ban taɓa jin kalmar a wannan ma'ana ba. Ta ce ƙoda ita ce a bi fuskar dutsen da bugu ƙanana har ta yi kaushi ta iya kama hatsi. Da can akwai matan da suke yawo gida-gida don wannan aiki, duk sun mutu. Ita ta iya, amma hannunta yanzu ko kofi ba ya riƙewa sai ya zubar da rabi. Inna na da girki da itace. Baba na gona tun asuba. Yaya ba ta iya ajiye yarinyar ko na ɗan lokaci.

"Saura ke, ƙawata," Kaka ta ce. "Ke da ba ki da aiki sai kallon gajimare."

Gaskiya ta faɗa. Tun da na dawo nake zama a bayan ɗaki da littafi a cinya, ina kallon yadda hadari ke taruwa a ƙetaren kogi. Na ce zan yi. Ta ce in bari ta yi azahar ta ɗan kishingiɗa, sannan ta gaya mini yadda ake yi.

Ban jira ba. Na tuna wani hoto a littafin makaranta, dutsen niƙa na wata ƙasa, da layuka a jikinsa a jere. Na ce a raina ai wannan shi ne ilimin abin, tsofaffi dai ba su da kayan aiki ne. Na ɗauko gudumar Baba da wata babbar ƙusa, na zana layuka da gawayi, na fara sara. Layin farko ya fita. Na biyu ya fita, har na ji daɗi. A na uku, kusa da baki, dutsen ya yi wata ƙara da ba irin ta farko ba, ɓalli kamar rabin tafin hannuna ya fita ya faɗi ƙasa.

Daga cikin ɗaki Kaka ta ce, "Wa ke kashe mini dutse?"

Aka fito da ita. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta bi wurin da farcenta a hankali, har ta sami abin da ni ban gani ba, wata tsaga siririya kamar gashi, ta taso daga inda ya ɓalle ta nufi tsakiya, tsawon ɗan yatsa.

"In ya rabe," ta ce, "sai ki tai Jabal Moya ki ce su dakata da wuta kina son dutse."

Yaya tana zaune a bakin ƙofa da yarinyar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wannan ba littafinki ba ne, da za ki yage shafi ki sake wani." Ta tashi ta shige ɗaki. Tun muna yara ita ke tare mini faɗa, ban taɓa jin ta yi mini magana haka ba. Na tsaya da guduma a hannu, na rasa inda zan ajiye ta.

Kaka ta ce ƙarfe yana shiga dutse da ƙarfi wuri ɗaya, shi ya sa yake tsaga shi. Dutse da dutse ake ƙodawa. Ana bukatar maƙodi, dunƙulallen dutse mai cika hannu wanda ya fi na niƙan tauri. Nata ya ɓace shekaru da yawa. Na zaga unguwa gida-gida har la'asar, abin da na samo guntun jan bulo ne da wani farin dutsen taimama, wanda mai shi ya ce ko aro ba zai bayar ba.

Washegari na tafi bakin kogi wurin Kawu, ƙanin Inna, masunci. Kogin ya yi ja, yana tafe da rassan itace da kumfa. Kawu yana zaune a inuwar jirginsa yana ɗinkin koma. Na gaya masa abin da nake nema, na gaya masa abin da na yi, don na san labarin zai riga ni zuwa ko ban faɗa ba.

"To, malama," ya ce, "an kai ki jami'a ki koyo fasa dutsen kakarki?"

"Kawu, yarinyar ko ruwa da ƙyar take karɓa."

Ya ajiye komar. Ya shiga cikin jirgin ya lalubo wani baƙin dutse mai sulɓi, girman lemun zaƙi babba, mai nauyin da ya fi girmansa. Ya ce daga Rusairis ya ɗauko shi tun yana saurayi, inda kogi ke bi ta cikin duwatsu, da shi yake buga turken jirgi, da shi yake kwantar da babban kifi in ya ƙi mutuwa.

"Yana ƙarnin kifi," ya ce, "amma bai taɓa ko ɓallewa ba. In kin fasa wannan ma, kada ki dawo ta nan."

Kaka ta karɓe shi ta auna a hannu, ta ƙwanƙwasa shi da ɗaya daga haƙoranta, ta ce ya yi. Ta sa muka haƙa ɗan rami ƙarƙashin rumfa, muka zuba laka mai ɗanshi, muka zaunar da dutsen a ciki, kansa sama ƙafarsa ƙasa, don kada wani gefe ya zauna a kan iska. Ta sa aka jawo angarib ɗinta kusa. Ta rufe ido.

"Kada ki buga," ta ce. "Ɗaga shi tsawon yatsu huɗu ki sake shi ya faɗi da kansa. Hannunki rakiya kawai yake yi."

Na ɗaga na saki.

"Kin buga."

Na sake.

"Kin buga. Haushin wa kike ji? Dutsen bai yi miki komi ba, ke kika yi mishi."

Sai wajen karo na ashirin ta yi shiru, na gane wannan ne. Ƙarar ta fita a bushe, gajera, ta bar ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero. Ta ce haka zan yi, tabo kusa da tabo, babu layi, babu tsari, kamar yadda yayyafin farko yake sauka a tsakar gida. In fara daga sama in gangaro. Wajen tsagar kuma in bar faɗin yatsu biyu kada in taɓa.

Kwana uku na yi a kai. Da kunne take bi na. Ina cikin yi hankalina zai tafi wani wuri, in tuna ɗakinmu na Madani da tagar da ke kallon bishiyar lemo, in ce ko wa ke kwana a ciki yanzu, sai in ji ta ce, "Kin koma inda kika riga kika yi." Ko ta ce, "Kin matso tsagar, muryarsa ta canza." Ƙurar dutse ta shiga idona, na ɗaure fuska da mayafi na bar 'yar kafa. Tafina ya yi bororo, ya fashe, Inna ta ɗaure mini da tsumma. Da azahar yatsuna ba sa buɗewa sai na sa ɗaya hannun na ɓamɓare su daga maƙodin.

A rana ta biyu dana ta sauka kusa, a gonakin da ke bayan makarantar ƙauye. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin gwiwoyina, ƙura ta zubo daga rumfa. Na ji mata suna kiran 'ya'yansu. Na tsaya, maƙodin a sama. Ta biyu ta sauka, ta fi nisa kaɗan. Muka saurara, ba ta uku.

"Ba da ke suke ba tukuna," Kaka ta ce. "Ci gaba."

Bugu biyar na farko duk ta ce ba su yi ba. Daga ɗaki ina jin Yaya tana yi wa yarinyar magana ƙasa-ƙasa, ita kuwa yarinyar ba na jin komai daga gare ta. Wannan shirun ne ya daidaita mini hannu.

Da la'asar ɗin rana ta uku Kaka ta shafa dutsen daga sama har ƙasa, ta ce, "Ya yi haƙora." Muka ɗan ƙoda ɗan dutsen shi ma. Na zuba jiƙaƙƙiyar dawa na murza, na ji ya kama, ya yi wani gurnani mai daɗi, farin ƙullu ya fara gangarowa cikin ƙwarya. Inna ta tace da mayafi mai tsabta, ba mu jira ya yi tsami ba, ta dama. Yaya ta karɓi kofin, ta kai bakinta ta ɗanɗana kafin ta ba yarinyar. Na ji ƙarar a haƙoranta daga inda nake. Ta tofar.

"Yashi ne," ta ce.

Kaka ta dafa goshinta. "Wannan laifina ne. Na manta. Sabon ƙodi ba a ba mutum niƙansa na fari. Dusa ake fara niƙawa da ruwa, a wanke, a sake, har sau uku, a ba kaji." Ta juya wajen Yaya. "Ki yafe mini, ɗiyata. Shekara arba'in rabona da shi."

Yaya ta ajiye kofin. Ranar yarinyar ko cokalin ruwa sai an matsa mata kumatu. Mun yi asarar mudun dawa da yini guda, kuma ba mu san ko yini nawa ne a hannunmu ba.

Kafin magariba na niƙa dusa sau uku, na ƙara na huɗu don kaina. Na wanke dutsen har ruwan ya fita garau, na lashi cikinsa da harshena don in tabbata. Sannan na niƙa wata dawar. Kaka ta koya mini yadda ake durƙusawa, a tura da nauyin baya ba da damtse ba, a jawo a sake turawa, a maimaita ƙullun sau biyu har ya yi laushi kamar nono. Tana yi tana rera wata waƙa ta niƙa da ta manta rabin baitocinta, inda ta manta sai ta cike da zagina. Muka tace, muka rufe, muka bar shi ya kwana.

Da safe ya yi ɗan tsami mai ƙamshi. Inna ta dama shi ruwa-ruwa, ta buɗe wani ƙullin tsumma da ban san tana da shi ba, ta sa gishiri kaɗan da bakin yatsa, ta jiƙa garin kuka ta zuba ruwan a kai. Yaya ta ɗanɗana, ta juya shi a baki, ta haɗiye. Ta ɗiga wa yarinyar a leɓe. Yarinyar ta lasa. Cokali uku ta sha ta kau da kai. Muka zauna muna kallon ta kamar masu jiran wata. Kokon bai dawo ba. Bayan ɗan lokaci ta sha biyu.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Gudawar ta yi mako guda tana raguwa tana dawowa. Akwai ranar da ta amayar da komai, na fita bayan ɗaki na yi kuka, na dawo na jiƙa dawar gobe. Kullum da asuba ni ke niƙa nata kafin kowa ya taɓa dutsen, don zuwa lokacin labari ya bazu, mata suna zuwa da ƙorai suna jira a ƙarƙashin rumfa. Ba mu hana kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada a danna gefen tsagar. Kowace safiya nakan sa gawayi in yi alama a inda ta tsaya. Sau biyu ta wuce alamar da kaɗan, na hana wata maƙwabciyarmu mai ƙarfin hannu niƙa, na ce ta kawo in yi mata. Ta ce yarinyar jiya ce za ta koya mata niƙa? Kaka ta ce, "Dutsen nata ne yanzu, ita ta ji mishi ciwo, ita ke jinya tai."

Da yawan hannu dutsen yakan koma santsi cikin kwana goma, in sake ƙoda shi. Wasu gidajen suka tuna da nasu. Aka tono ɗaya daga ƙarƙashin murhu, ɗaya daga bakin rijiya, ɗaya an yi shekaru ana ɗaure jaki a jikinsa. Sai aka fara aikowa a kira ni. Nakan tafi da maƙodin Kawu a ƙulle a bakin mayafi, in zauna a tsakar gidan mutane yini guda, a sallame ni da kuɓewa ko ɗan gishiri. Mata biyu suka zauna kusa da ni suka koya, ɗayarsu ta fi ni sauri. Faɗa bai tsaya ba duk tsawon daminar. Akwai gidan da na ƙoda musu dutse ranar Talata, ranar Juma'a aka yi jana'izar mutum biyu daga cikinsa, dana ta same su a kasuwar Sinnar. Na je gaisuwa na tarar ana niƙa a kan dutsen don abincin masu zaman makoki.

Hanyar yamma ba ta buɗe ba sai da dawa ta fara nuna, bayan an sake gwabzawa a tsaunin, kwanaki muna jin rugugin kamar hadarin da ya ƙi isowa. Lori na farko da ya shigo, yara suka bi shi har bakin kasuwa. Tahuna ta ƙara wasu makonni kafin ta tashi. Mijin Yaya kuma sai da sanyi ya sake zagayowa muka ji muryarsa.

Amma tun kafin wannan duka, wata safiya ana yayyafi, ina durƙushe ina niƙa, na ji an dafa bayana. Hannuwa biyu ne ƙanana. Yarinyar ce ta rarrafo daga tabarma ta kama rigata ta miƙe. In na tura ta biyo ni gaba, in na jawo ta koma baya, abin ya ba ta dariya, wata 'yar dariya mai kama da tari don ta daɗe ba ta yi ba. Ban juya ba, ban kuma tsaya ba, ina tsoron kada in ɓata abin. Can sai ta sake ni. Ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu, ƙafafun kamar sillen kara, ta nufi inda Inna ke hura wuta.

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta biyu a sake, kamar ba ta san abin da za ta yi da su ba. Ta zo ta tsaya a kaina, ta naɗe hannun rigarta.

"Matsa, auta," ta ce. "Bari in karɓe ki. Ke bi ta, kada ta faɗa murhu."

Na tashi da ƙyar, gwiwoyina sun sage, na bi bayan yarinyar.